Gwaggo Ta Hau Tsani

Tun ranar da Wiebe ya ce a bar dankalin, matarsa Renske ta san magana ta lalace.

Mu mutanen Friesland ba ma tafiya hutu babu dankalinmu. A yi mana dariya, ai an daɗe ana yi. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, tudun da ya fi ko'ina tsawo a garin su Renske gadar kan kogi ce, amma da zarar bazara ta kama sai kowa ya ɗaura ɗakin tafi-da-gidanka a ƙugiyar motarsa, ya danƙare shi da dankali da cuku da kofi, ya nufi duwatsun wasu, sai ka ce can ba a noma. Wiebe kuwa ko a cikinmu ya yi fice. Shekara talatin da ɗoriya, da ƙafarsa yake zuwa gonar abokinsa, ya murza, ya shinshina, ya zaɓi buhu guda, ya kawo ya kwantar da shi daidai saitin tayoyin ɗakin. In nauyi ya koma wutsiya, in ji shi, rawa ɗakin yake yi a kan hanya.

Ɗakin nan da sunansa, Gwaggo. 'Ya'yansu ne suka raɗa mata tun suna ƙanana, wai ga ƙiba, ga nawa, duk inda aka nufa sai ta biyo baya, kuma in ba a lallaɓa ta ba sai ta ɓata wa kowa tafiya.

To, cikin hunturun da ya wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Wiebe. Ya tashi dai, baki ya dawo da duk kaifinsa, amma hannun hagu ya mutu murus, ƙafar hagu kuma janta yake yi. Likita ya ce tuƙi ya ƙare. Daga nan Wiebe ya tare a kujerar bakin taga, sanda tsakanin ƙafafuwa, ko ƙofar gida ba ya leƙawa don kada maƙwabta su gan shi yana jan ƙafa. Da lokacin shiri ya zo Renske ta ce masa, "Yaushe za a ɗauko buhun?" Bai ko juyo ba ya ce, "A bar shi. Can ma ana sayar da dankali."

Wannan magana ta fi duk abin da likita ya faɗa tsorata ta.

Kwana kaɗan sai ga Hidde, babban ɗansu, ya zo da tasa maganar. Ya sha kofi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, da kiran da muke yi wa uwa da uba a yarenmu, "Mem, Lolke maƙwabcin nan namu yana son Gwaggo. Na yi magana da Heit, ya ce a ba shi."

"Ya ce a ba shi?" Renske ta juya ga mijinta. "Kai ka ce?"

"Me za a yi da ita? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Wa ya ce hannunka ake jira? Ni zan tuƙa."

Wiebe ya yi wata dariya mara daɗi. "Ke? Ke da iyakarki kasuwa da coci? Tsani fa za a hau, Renske, ba gadar garin nan ba."

Tsani shi ne sunan da suke kiran hanyar ƙarshe kafin zango, siririyar kwalta mai kwana bisa kwana wadda ta haura dutse ta gangara cikin kwarin da suke yada zango kowace shekara a ƙasar Swis. Renske ta hau ta fiye da sau talatin, kullum a kujerar gefe, kullum hannunta riƙe da marfin ƙofa.

"Zan hau," in ji ta.

"To, mu yi yarjejeniya a gaban ɗanki. In kin kai mu zango da hannunki, ba wanda ya karɓar miki sitiyari, Gwaggo ta zauna. In kin kasa, mu juyo, a kai wa Lolke, kuma kada ki ƙara yi mini zancen dutse har in mutu."

Ya faɗa ne don ya tabbata ba za ta iya ba. Ita ma ta san haka, shi ya sa ta amsa tun bai rufe baki ba. Ba don ƙarfe da katako take wannan rigima ba. Ta riga ta gani sarai, ranar da aka ja Gwaggo aka fitar daga tsakar gidan nan, Wiebe ba zai ƙara tashi daga kujerar taga ba.

Da kanta ta je gona ta ɗauko buhu. Hidde ya riƙa kai ta filin wata tsohuwar masana'antar madara tana koyo. Gaba dai ta iya cikin 'yan kwanaki. Baya kuwa, abin kunya! Da ta sa giyar baya sai Gwaggo ta karkace, ta lanƙwaso kamar za ta leƙo ta taga ta gaishe ta. Abin haushin shi ne, a duk Friesland da wuya a sami wanda ya san tafiyar Gwaggo da baya kamar Renske. Duk shekarun nan ita ce mai tsayawa a baya in za a shigar da ita wuri, Wiebe na kallonta a madubi. Tana da yarenta na hannu. Tafi a buɗe yana kira, taho. Yatsa ya nuna gefe, nan wutsiya za ta bi. Hannu a ka, miƙe sitiyari. Dunƙulallen hannu, tsaya cak. In kuwa ta kama kunnenta ta ja, ma'anarsa kai ba ka ji ne? Wiebe kullum cewa yake ko kallonta ba ya yi, da idonsa yake aiki. Ita ta san wutsiya, shi ya san sitiyari, ba wanda ya taɓa shiga gonar wani.

"Mem, a haƙura mana," in ji Hidde rannan, bayan ta kusa murƙushe ƙugiyar.

"Tsani gaba ake hawansa, ba baya ba," ta ce masa. Ta faɗa ne kawai.

Suka kama hanya. Jamus ba ta ba ta wuya ba, hanya ce fetal, ta lafe a bayan manyan motoci tana bin su a hankali. Wiebe yana gefe, sanda a cinya, bakinsa bai huta ba. Kin matse dama. Kin saki hagu. Wa ya koya miki canjin giya, mai yankan nama? Masifar ma daɗi take mata, don rabon da ya yi doguwar magana haka tun kafin ciwon. Suka kwana a hanya, washegari da hantsi duwatsu suka taso a gabansu, kawunansu fari fat.

A gindin Tsani ta tsaya ta sha ruwa.

"Akwai wurin juyawa nan," in ji Wiebe. "Daga nan kuma babu, sai can sama."

"Na gani."

"Ba wanda zai ce kin yi abin kunya."

"Rufe ƙofarka da kyau, tsoho."

Ta sa giya ta biyu ta shiga. Kwanar farko ta buɗe sosai kamar yadda ta sha gani yana yi, hancin mota ya kusa shafar dutse kafin ta karya sitiyari, Gwaggo ta biyo tana ƙara, tayarta ta wuce gefen kwalta da ɗan taƙi. Ta biyu ma haka. A ta uku injin ya fara nishi, ta sauko giya ta ɗaya tun kafin ya ce, ta ji ya buɗe baki ya mayar ya rufe. Dutse na hagunta, a dama kuwa ba komai sai 'yan gajerun turakun dutse da aka jera a bakin hanya, bayansu kwazazzabo, can ƙasa rufin gidaje kamar akwatin ashana. Ta hana idonta zuwa can. Gumi ya jiƙa mata baya. Amma fa tana hawa, kwana na bin kwana, har wani daɗi ya fara taso mata, ta ji kamar ta yi waƙa.

Ba ta kai ga waƙar ba. Suna fitowa daga wata kwana inda hanya ta tsuke sai ga gingimari a gabansu, ta cika hanya baki da baki, an lafta mata gumagumai dogaye har sun zarce bayanta. Birkin iska ya yi tsaki. Renske ta taka nata, ta ja na hannu, motoci biyu suka tsaya hanci da hanci.

Shiru. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙararrawar shanu daga can wani tudu.

Direban ya sauko, wani ƙaƙƙarfan dattijo mai furfurar gemu. Ya leƙa lambar motarsu, ya leƙa Gwaggo, ya girgiza kai irin girgizar da mutanen dutse suke yi in sun gan mu. Ya yi bayani da Jamusancinsu na can, Renske ta tsinci abin da ta tsinta da nata na zango. Shi ba zai iya baya ba, kwana ce mai tsini a bayansa, ga kaya. Amma ita, in ta koma baya ta zagaye kwanar da ta wuce yanzu, akwai ɗan fili a gefen rami da aka yi don kauce wa juna. Ta shiga nan, ya wuce.

Baya. A gangara. Cikin kwana. Gaba kura, baya siyaki.

"In uwargida ta yarda," in ji direban, yana miƙo hannu cikin ladabi, "ni sai in mayar mata da ita."

"Ba shi makullin," in ji Wiebe a hankali. Ba gatse a muryarsa ko kaɗan, kuma wannan ya fi gatsen zafi. "Kin yi ƙoƙari, Renske, wallahi kin yi. Ba shi, ya juya mana ita a can sama, mu tafi gida."

Ta dubi hannun mutumin. Ba ƙaramin kwaɗayin miƙa makullin ta ji ba. Ƙafarta ta gaji, wuyanta ya sage, tsoro ya cika ta fal. Sai ta dubi mijinta, ya riga ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa, irin zaman nan na bakin taga.

"A'a," ta ce wa direban. "Na gode. Ba matuƙi na rasa ba, mai tsaya mini a baya na rasa."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya zagaya bayan Gwaggo. Mutumin kirki ne, ba laifinsa ba ne, amma yarensa daban. Shi sitiyari yake murzawa a iska da hannu biyu, ita kuma a madubi take ganinsa, damansa ta zama hagu. Ta saki birkin hannu. Nan take ta ji nauyin Gwaggo ya rataya a wuyan motar yana janta ƙasa, domin in ana baya a gangara birkin Gwaggo ba ya kamawa, ƙafar direba ce kaɗai ke riƙe da komai. Ta murza yadda ta ga ya nuna. Wutsiya ta nufi dutse. Ya yi ihu, ta murza ɗaya gefen, Gwaggo ta lanƙwashe gaba ɗaya, kusurwarta ta kankare dutse, ƙiiii!

Ta ja gaba ta miƙe, ta sake. Haka. Ta sake, ya fi na farko muni. Ƙaurin kuloci ya cika motar. A bayan gingimarin motoci sun fara taruwa, mutane sun fito suna kallo, wasu sun ɗaga waya. Hawaye ya cika wa Renske ido, na haushi da na kunya.

"Kai, wannan wane irin mutum ne!" Wiebe ne ya fashe. Tun ɗazu yake leƙen madubin gefensa yana huci. "Ji yadda yake kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda! Sitiyari yake nuna miki? Wa ke nuna wa mai baya sitiyari? Wutsiya ake nunawa! Zai kashe mini Gwaggo a banza!"

"To ya zan yi? Shi kaɗai ne."

"Shi kaɗai ne a gidan uban wa?"

Ta ji ƙarar ƙofa. Kafin ta juyo har ya zura ƙafar dama waje, ya kama ta hagun da hannu ya fitar da ita, ya dogara sanda ya miƙe. Mutumin da ko Lolke ba ya yarda ya gan shi tsaye, ga shi a tsakiyar hanya, baƙi fiye da ashirin sun zuba masa ido. Ya zagayo ta gaban mota yana jan ƙafa, ya sunkuyo a tagarta.

"Saurara. Sauke hannunki. Kama sitiyarin ta ƙasa, nan, wajen cinyarki. Yawwa. Yanzu duk inda kike so wutsiya ta bi, can za ki tura hannun. Kina so ta yi dama, hannu dama. Kada ki yi wani lissafi. Kaɗan-kaɗan, ba a yi wa Gwaggo gaggawa."

Renske ta saki baki. "Shi ke nan? Shekara talatin kana hura hanci a kan wannan?"

"Da na faɗa miki da wa zai ƙara ganin girmana? Dubi madubin dama. Ni kaɗai za ki kalla."

"Ka san alamun?"

Ya juya ya bi gefen Gwaggo, ta ɓangaren ramin, yana dafa jikinta da kafaɗa, har ya kai baya. Ya yi wa direban nuni da haɓa cewa ya matsa. Sannan ya ja ƙafa ya ƙara gaba, ya jingina ƙugunsa da turken dutse, ya rataya sandar a gwiwar hannunsa, ya ɗaga hannun dama. Tafi a buɗe, yana kira.

Irin nata ne sak, har da yadda take ɗan karkatar da yatsu. Ashe ƙarya yake yi duk shekarun nan, kallonta yake yi.

Ta sassauta birki. Gwaggo ta motsa. Yatsansa ya nuna hagu, ta tura hannu hagu kaɗan, sai ga wutsiya ta bi, salin alin, kamar ba ita ba. Hannu a ka, ta miƙe. Taho. Taho. Da ta matso kusa da shi sai ya dunƙule hannu, ta tsaya, ya sauke sanda ya ja jiki zuwa turke na gaba, ya jingina, ya sake ɗaga hannu. Haka suka riƙa yi, turke bayan turke. Sau ɗaya ta yi garaje ta murza da yawa, sai ta ga tsohon ya kama kunnensa ya ja. Dariya ta kufce mata a tsakiyar tsoron, har ƙafarta ta kusa zamewa daga birki.

Suka shiga kwanar. Nan ne wurin ya fi muni, don sai wutsiya ta zagaya ta nufi bakin rami kafin ta shiga filin, kuma turakun sun ƙare, an bar giɓi don mashiga. Ya dunƙule hannu ta tsaya. Ya dogara sanda ya fara takawa cikin filin, inda babu abin jingina. Ita kuwa ƙafarta ta gaji da danna birki, tana karkarwa, ba ta ma san ta sassauta ba. Gwaggo ta fara silalewa a hankali, tayarta ta dama tana neman inda kwalta ta ƙare.

Renske ba ta ga tayar ba, daga inda take ba a ganinta. Abin da ta gani a madubi shi ne Wiebe ya waiwayo, idonsa ya fito. Hannu ɗaya gare shi, kuma sanda na cikinsa. Sai ya wurgar da ita. Ya ɗaga dunƙulallen hannu sama, ya ƙame.

Ta danna birki da duk ƙarfinta. Komai ya tsaya.

Sandar ta buga a bakin hanya, ta yi tsalle, ta faɗa kwazazzabo. Suna jin ƙararta tana dukan duwatsu har ta ɓace. Direban gingimari ya yunƙura zai tare tsohon, Wiebe ya daka masa tsawa da yarenmu, wanda ko kalma ɗaya mutumin bai sani ba amma ya fahimta. Yana tsaye. Yana tangaɗi kaɗan, ƙafar hagu ta karkace, iska na kaɗa masa riga, amma a kan ƙafafunsa yake, ba ya dafe da komai. Renske na kallonsa a ɗan madubin nan, zuciyarta kamar ta fashe, tsoro da alfahari sun haɗe mata wuri guda.

Ya buɗe hannun. Ya nuna mata ta ja gaba kaɗan. Ta ja. Yatsa hagu. Taho. Hannu a ka. Taho, taho. Yana ja da baya da kansa, taku ɗaya, ya jawo ɗayar, hannun bai sauka ba. Gwaggo ta shige filin ta daidaita, motar ta biyo ta, suka miƙe sambal a gefen hanya kamar da igiya aka auna. Dunƙule.

Ta ja birkin hannu ta kashe inji. Sai ta ji tafi. Mutanen da suka fito kallo ne, har da masu ihu. Direban ya cire hularsa ya ɗaga mata, ya je ya kama hannun Wiebe ya girgiza har yana neman kayar da shi. Da gingimarin ta zo wucewa, gumagumanta na gilmawa dab da tagar Gwaggo, ya danna oda mai tsawo wadda duwatsu suka amsa.

Renske ta fito. Ta je ta tsaya gaban mijinta. Ta so ta faɗi wata babbar magana, abin da ya fito shi ne, "Ka yar da sandar asibiti."

"Kin kankare mini fenti."

"Wancan direban ne ya kankare."

"Wa ke riƙe da sitiyari?"

Sai ta rungume shi nan a bakin rami, tana kuka tana dariya, shi kuma yana bubbuga bayanta da hannun nan guda yana cewa, "To, to, ya isa, ana kallonmu." Ta buɗe akwatin gaban Gwaggo ta zaro ƙarfe ɗaya daga cikin na kafa rumfa ta ba shi. Ya gwada shi a ƙasa, ya ce ya fi waccan.

Saura tashi daga tsaye a kan hawa da Gwaggo a baya, abin da ya sha kunyata maza. Ta ba da wuta, ta ɗago kuloci har motar ta ɗaga hanci tana neman tafiya, sannan ta sauke birkin hannu. Ko taƙi ba su koma baya ba. Wiebe ya yi gyaran murya, ya dubi taga.

Daga nan Tsani ya zama nata. Ta ƙare sauran kwanonin ɗaya bayan ɗaya, suka fito sama inda iska ke da sanyi, ga ragowar ƙanƙara a gefen hanya. Gangara kuwa ta san dokarta tun tuni, don ta sha jin ana zagin 'yan ƙasarmu a kanta, masu kwantar da ƙafa a birki har ya yi hayaƙi ya daina kamawa. Ta sa giyar da ta hau da ita, ta bar inji yana gurnani yana riƙe su, birki sai ta taka da ƙarfi ta saki. A rabin hanya ta tsaya da kanta, ta zagaya ta kara hannu kusa da tayoyin Gwaggo, ta ji zafi, ta ce sai sun huce. Suka zauna a kan wani dutse suka ci burodi da cuku. Wiebe ya cinye nasa ya karɓi rabin nata.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka shiga zango. Duk wanda ya taɓa zuwa irin wurin ya san abin da ke jiran sabon zuwa. Da an ji ƙarar mota, kowa sai ya juyo da kujerarsa ta naɗewa, kofi a hannu, a zauna kallon yadda za a shigar da ɗaki wurinsa da baya. Aure nawa ya kusa mutuwa a wannan fage! Rabinsu 'yan ƙasarmu ne, sun san Gwaggo, sun kuma ji labarin ciwon. Da suka ga Renske a sitiyari sai aka yi tsit. Koos, wani mai tumbi daga kudu wanda suka shekara ashirin suna maƙwabtaka da shi a nan, ya taso da sauri yana naɗe hannun riga.

"Renske! Sannu da hanya! Kwance ta kawai, ga mu nan da yawa, mu tura miki ita da hannu."

Wiebe ya buɗe ƙofa ya fito da ƙarfen rumfarsa. "Koos, koma ka zauna kada kofinka ya huce. Ka zo kallo, ka yi kallo."

Ya ja ƙafa a gaban kowa, bai ɓoye ba, bai yi sauri ba, ya je ya tsaya a bakin wurinsu na kullum, ƙarƙashin bishiyar nan. Ya soke ƙarfen a ciyawa ya sake shi. Ya ɗaga hannu. Renske ta kama sitiyari ta ƙasa. Sau ɗaya tak, ba gyara, Gwaggo ta shige tsakanin bishiya da famfo ta tsaya daidai inda ta saba. Wata mata ta rangaɗa ihu, Koos ya buga cinya yana cewa shi dai yau ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Renske ta kashe inji ta zauna, hannuwanta a cinya, tana jin daɗin da rabonta da irinsa tun tana budurwa.

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara, Hidde ne. Kafin ta gama cewa sun iso, Wiebe ya miƙo hannu ya karɓe.

"Kai, Hidde. Ka ce wa Lolke ya nemi wata. Uwarka ta hau Tsani. Har da baya ta sauka shi, in kana son sani." Ya kashe bai jira amsa ba.

Maza suka taya su kafa rumfa, ƙarfe ɗaya ya kasa, aka aro a wajen Koos, don Wiebe ya ce nasa ba zai bayar ba. Renske ta jawo buhun ta kwance bakinsa, ta zauna a bakin ƙofar Gwaggo da wuƙa da kwano tana feraya. Ya matso da kujerarsa. Ya sa hannu cikin buhun ya ɗauko guda, ya murza shi da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Fuskarsa ta yamutse.

"Wa ya zaɓa miki wannan?"

"Ni."

"Na gani ai. Wannan na miya ne, da ya ji wuta zai narke. Sun ga mace sun ba ki na bakin ƙofa." Ya jefa shi cikin kwanon. "Baɗi ni zan je gonar da kaina."

Wuƙar ta tsaya a hannun Renske. Ba ta ɗago ba, don kada ya ga idonta.

"Baɗi," ta ce.

"Eh mana, baɗi. Ke dai ki tuƙa. Feraye, yunwa nake ji."